Mai a Tukunya da Hanji Mai Saurin Fushi: Shawara ga Wadda Cimarta Tsirrai Ce



Yau maganar ciki za mu yi, irin maganar da mata da yawa ke jin nauyin faɗa ko ga maigida. Akwai wadda da ta gama cin abinci sai ciki ya hau murɗa, ya kumbura tamkar mai juna biyu, sai ƙugi, sai iska. Wata sai ta ruga bayi sau uku kafin la'asar. Wata kuma sai ta yi kwana uku ko huɗu ba ta zaga ba. An sha maganin taifot, an sha na olsa, an sha jiƙon basir kwalba-kwalba, an je an yi gwaji an ce ba a ga komai ba, amma ciwo yana nan. Daga nan sai a fara cewa raki ne, ko ƙyuyar girki.

To 'yar uwa, wannan ciwo yana da suna a asibiti. Likitoci na taƙaita sunan da haruffa uku, IBS, ki riƙe su don ranar da za ki ga likita. Mu a nan za mu kira shi ciwon hanji mai saurin fushi. Abin da za mu duba shi ne yadda mai, wato man girki da duk wani maiƙo, yake taɓa wannan ciwo, musamman ga wadda abincinta na tsirrai ne zalla, babu nama, babu kifi, babu ƙwai, babu nono.

Wane irin ciwo ne?

Hanjin mai wannan ciwo ba shi da gyambo, ba shi da ƙari, shi ya sa hoto da gwajin jini ba sa nuna shi. Matsalar tana tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa ne. Jijiyoyin da ke kai saƙo tsakaninsu sun cika saurin ji, ɗan motsin da hanjin kowa ke yi ba tare da ya sani ba, ita sai ta ji shi a matsayin ciwo. Tafiyar abinci a hanjin ma ba ta da daidaito, wani lokaci gudu, wani lokaci nawa.

A shekarar 2016 ƙwararrun likitocin ciki suka fitar da ma'aunin gane ciwon, wanda ake kira ma'aunin Roma na huɗu. Ga abin da ya ce: ciwon ciki aƙalla rana ɗaya a kowane mako cikin watanni 3 da suka wuce, tare da aƙalla biyu daga cikin ukun nan, wato alaƙa da fitar bayan gida, canjin yawan zagawa, da canjin kamannin bayan gidan, kuma ya zama an fara jin alamun tun watanni 6 baya. Akwai mai zuwa da gudawa, akwai mai zuwa da taurin bayan gida, akwai mai haɗa biyun. Ya fi kama mata, kuma da yawa sukan ji ya tsananta lokacin al'ada ko lokacin damuwa. Wasu kuma yakan fara musu ne bayan sun yi fama da wata gudawa mai tsanani. Ba ya rikiɗa ya zama daji, ba ya kisa, amma yana hana mace sakewa a gidanta.

Su wa ke cin tsirrai zalla?

Akwai mutanen da suka ɗaukar wa kansu barin duk abin da ya fito daga dabba. A Ingila aka raɗa musu suna bigan a shekarar 1944, lokacin da wani mai suna Donald Watson da abokansa suka kafa ƙungiyarsu. A Habasha kuma Kiristocin Otodoks kan bar nama da nono da ƙwai a ranakun azuminsu, ciki har da yawancin Laraba da Juma'a.

Mu a nan ba mu da wannan suna, amma dubi tukunyarmu da kyau. Koko da ƙosai da safe, garau-garau ko ɗanwake da rana, tuwo da miyar kuka da daddawa da dare. Gida nawa ne ke yin mako guda a haka saboda tsadar nama? Ga kuma wadda ta bar nama da madara da kanta don ta ga kamar su ne ke tayar mata da ciki. Duk wadda ke cikin waɗannan, maganar yau tata ce. Dalili kuwa, idan babu nama a miya, hannu yakan saki wajen zuba mai don a samu ɗanɗano. Kuma abubuwan da ke maye gurbin naman, gyaɗa, riɗi, agushi, awara, ƙuli-ƙuli, ko dai su kansu masu maiƙo ne, ko kuma soya su ake yi.

Abin da mai yake yi a ciki

Idan abinci mai maiƙo ya bar tumbi ya shiga ƙaramin hanji, jiki yakan saki wani sinadari da ke umartar matsarmama ta matso ruwanta mai ɗaci don a narkar da man. Wannan sinadari kuma yakan sa tumbi ya rage saurin sakin abinci. Shi ya sa bayan kin ci soyayyen abu kike jin nauyi da gyatsa na tsawon lokaci. A daidai wannan lokaci kuma babban hanji yakan samu saƙo cewa sabon abinci ya iso, a ba da wuri, sai ya hau motsi. Kowa yana da wannan motsi. Amma yawan abinci da yawan maiƙonsa suna ƙara masa ƙarfi, kuma mai hanji mai saurin fushi tana jin sa fiye da kowa. Wannan ne murɗar da ke kai ki bayi ba ki ko gama wanke hannu ba.

Masu bincike sun gwada wannan. A birnin Gotenbag na ƙasar Suwidin, a 2001, an zuba mai kai tsaye cikin ƙaramin hanjin masu ciwon da na masu lafiya, sai aka ga hanjin masu ciwon ya ƙara saurin jin zafi fiye da na sauran. A Basalona ta ƙasar Sifen, a 2002, aka gano cewa mai yana sa iska ta maƙale a hanji, kuma abin ya fi yawa ga masu wannan ciwo. Kin ga inda kumburin yake fitowa. A 2013 kuma, a Suwidin ɗin dai, aka tambayi masu ciwon su 197 abin da ke tayar musu da shi, kashi 52 cikin ɗari suka ambaci soyayyen abinci da mai maiƙo.

Ki lura da wannan adadi. Rabi ne da ɗan ɗoriya, ba kowa ba. Abincin wani gubar wani. Sai kin gwada za ki san ko kina cikinsu.

Abu na biyu, hanji bai san tsadar mai ba. Man zaitun da ake yabo, da man gyaɗa, da manja, da man waken suya, duk maiƙonsu ɗaya ne a awo: babban cokali ɗaya yana da kimanin giram 14. Sun bambanta wajen lafiyar zuciya, don manja kusan rabinsa mai daskarewa ne, man kwakwa ma ya fi shi. Amma wajen tayar da hanji, yawan da kika ci a zama ɗaya shi ne abin dubawa.

Kada ki kori mai gaba ɗaya

Wata da ta ji haka sai ta ce shi ke nan, daga yau gaya zan ci. A'a, wannan ma wata matsalar ce. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, na hatsi ko na wake 4 kacal. Wadda ba ta cin nama, ga ciki ya hana ta cin abinci da yawa, idan ta bar mai sai rama da kasala, ga aikin gida, ga goyo. Bitamin A da D da E da K ba sa shiga jiki sosai sai da mai. Zogale da alayyahu da karas da kabewa da kike ci don jini da ido, ɗan man da ke tare da su ne yake taimaka wa jiki ya ɗauki amfaninsu. Sannan matsarmama idan ta daɗe ba a matsa ta ba, musamman ga wadda ke ramewa da sauri, tsakuwa na iya taruwa a cikinta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa mai kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari na ƙarfin abincin da babba yake ci a rana. Ga wadda ke cin kalori 2,000, wannan ya kama kusan giram 67, wato kamar manyan cokula 5. A cikin biyar ɗin nan har da man da ke ɓoye cikin gyaɗa da agushi da awara, ba na kwalba kaɗai ba.

To dabarar ita ce rabawa. Cokula huɗu ko biyar da aka raba tsakanin karin kumallo, abincin rana, na dare da ɗan abin taɓawa, hanji zai iya ɗauka cikin sauƙi. Amma a wuni da koko, sannan da dare a haɗa masa su duka a kwano ɗaya, nan ne yake yin bore.

Awo a madafa

Yawancinmu da ido muke zuba mai, ko da ludayi. Gobe idan Allah ya kai mu ki yi wannan: ɗauki babban cokali ki ƙirga nawa ne ke cika ludayinki. Sannan ki ƙirga ludayi nawa kike zubawa a tukunya, ki raba da yawan masu ci. Misali, idan cokali 20 ne ke shiga miyar mutum 10, kowa ya sha cokali 2 kenan, giram 28 a zama ɗaya, tun ba a ƙirga agushin da ke ciki ba. Ki fara da neman rabonki ya dawo cokali ɗaya ko ƙasa da haka a kowane ci, ki ga yadda ciki zai amsa.

Ga inda mai yake ɓuya. Gyaɗa kusan rabinta mai ne, cikin tafin hannu ɗaya, kimanin giram 30, daidai yake da babban cokalin mai. Riɗi da agushi ma kusan haka suke, don haka kantu da miyar agushi da miyar gyaɗa da kunun gyaɗa duk a lissafa su. Ƙuli-ƙuli an matse masa mai, gaskiya ne, amma an sake tsoma shi a kasko. Sai fanke, cincin, dubulan, funkaso, wainar fulawa, soyayyar doya da dankali. Fiya da kwakwa ma suna da nasu. Ba a hana ki ko ɗaya ba. Abin da ake gudu shi ne tara su a ci ɗaya. Ranar miyar agushi ko ta taushe mai gyaɗa, man kwalba ya zama kaɗan ƙwarai, don miyar ta zo da nata.

Na san da yawanku tukunya ɗaya ake yi wa gida duka, ga maigida, ga yara, wataƙila ga surukai da abokiyar zama, kuma ba a son a ce girkin wance ba ya maiƙo. Ba sai kin ɗora tukunya biyu ba. Abinci irin ɗanwake, garau-garau, dambu, taliya da kwaɗo, a kwano ake zuba musu mai, to naki ki auna da ƙaramin cokali. Idan miya ce, ki bar ta ta ɗan huce, mai zai taso sama, ki nutsa ludayi ƙasa ki ɗebi naki. Ranar da ba ke ce da girki ba, ki gaya wa abokiyar zamanki ko 'yarki a ɗebar miki kafin a kwarara mai. Larura ce, babu abin kunya a ciki.

Ki sauya suya da turare ko gashi inda zai yiwu. Ƙullun da za ki yi ƙosai, ki yi alale da shi da ɗan mai. Awara ki yanka ta ki jefa a miya ta dahu, ko ki shafa wa tanda mai ki gasa ta. Dankali da doya da makani a dafa ko a gasa. Shinkafa, gero, masara da acca a yi tuwo, dambu, fate ko kunu da su. In kuwa suyar ta zama dole, ki bari mai ya yi zafi sosai kafin ki saka, don mai mara zafi shi abinci ke tsotsa, sannan ki tsame a matsami ya ɗiga. Manja kuma ki daina ƙona shi har ya yi hayaƙi ya koma fari. Jan nan nasa shi ne abin da jiki ke mayarwa bitamin A, ƙonawa tana lalata shi.

Ke mai sana'ar ƙosai ko awara ko ƙuli a cikin gida, ɗanɗanen da kike yi a bakin kasko tun safe, ɗaya nan biyu can, shi ma ci ne, ki saka shi a lissafi. Haka lokacin azumi: cikin da ya wuni wayam, a buɗe shi da ƙosai da soyayyen dankali da awara a faranti ɗaya, dole ya yi ƙara. Ki fara da ruwa da kunu, ki ɗan dakata, sannan ki ci abinci kaɗan-kaɗan.

Ba kullum ne laifin mai ba

A nan ne mai cin tsirrai take rikicewa. Kin ci ƙosai ciki ya tashi. Man ne, ko waken, ko albasar, ko attaruhun? Duka huɗun ana zarginsu.

A 2005 wasu masana a Ostireliya, Peter Gibson da Sue Shepherd, suka bayyana wani rukunin sukari da ƙaramin hanji ba ya iya tsotsewa da kyau, suka kira shi FODMAP. Jami'ar Monash da ke birnin Melbon ita ta ci gaba da aikin. Wannan sukari yakan ja ruwa zuwa hanji, ƙwayoyin da ke zaune a babban hanji kuma su cinye shi su fitar da iska. Yana da yawa a wake, albasa, tafarnuwa, alkama, mangwaro, kankana, kashu, da madarar waken suya da aka yi da ƙwayar waken. Yana da ƙaranci a shinkafa, dankalin Turawa, karas, gwanda, lemo, abarba da gyaɗa.

Wannan sukari a ruwa yake narkewa, ba ya narkewa a mai. Sanin haka zai ba ki dabaru uku. Na ɗaya, ki jiƙa wake ya kwana, ki zubar da ruwan, ki tafasa ki sake zubarwa, sannan ki ci kaɗan. Na biyu, awarar da aka matse da kyau ta fi madarar waken suya sauƙi, don yawancin sukarin ya bi ruwan da aka tsiyaye. Na uku, in albasa da tafarnuwa na damun ki, ki yanka su manya ki soya a ɗan mai, ki tsame su ki yar kafin ki zuba ruwa ko tumatir. Ƙamshin ya shiga man, sukarin bai shiga ba. Irin wannan mai a yi amfani da shi a ranar, kada a ajiye tafarnuwa cikin kwalbar mai a ɗaki, tana iya haifar da guba. Koren lawashi ma yana ba da ƙamshin albasa ba tare da wahalar ba.

Yadda za ki gano naki

Ki samu ɗan littafi, ko ki sa ɗiyarki 'yar makaranta ta riƙa rubuta miki, da boko ko da ajami. Abin da kika ci, mai nawa, yaushe ciki ya motsa, yaya bayan gida, kina al'ada ko a'a, ranki a ɓace yake ko a'a. Mako biyu na farko ki rage mai kawai, ki bar sauran abinci yadda yake. In kin ga sauƙi, kin kama ɓarawo ɗaya. In ba ki gani ba, ki mayar da manki daidai misali, ki gwada rage wake da albasa da alkama. Abu ɗaya a lokaci ɗaya. Masu tsarin Monash ma mako 2 zuwa 6 kawai suka ce a yi ana ƙauracewa, daga nan a riƙa dawo da abincin ɗaya bayan ɗaya don a san wanda jiki ke ɗauka. Wadda ba ta cin nama ba za ta rabu da wake har abada ba, shi ne mai gina mata jiki. Awon da cikinta zai ɗauka take nema.

Mai taurin bayan gida ta yawaita ruwa, kamar kofi 8 a rana, da miyar yauƙi irin kuɓewa, ta riƙa zagaya tsakar gida bayan cin abinci, kuma kada ta tsallake karin kumallo, don motsin hanji na safe shi ne abokinta. Mai gudawa ita ce ta fi bukatar kula da awon mai, da yaji, da shayi mai kauri.

Abu biyu kuma kada ki manta. Bitamin B12 daga abincin dabba ake samun sa. Wadda ta bar nama, kifi, ƙwai da nono gaba ɗaya dole ta sha ƙwayarsa, in ba haka ba sai ƙarancin jini da dindiris a hannu da ƙafa, kuma jaririn da ke shan nononta yana cikin haɗari. Mai ciki da mai shayarwa kada su shiga rage abinci sai da shawarar asibiti. Bitamin D kuma hasken rana ne babbar hanyarsa, don haka ki riƙa fitowa tsakar gida da hantsi rana ta taɓa hannu da ƙafa.

Lokacin da ba a jira

Akwai alamun da ba na wannan ciwo ba ne. Jini a bayan gida ko ya fito baƙi ƙirin. Rama ba dalili. Zazzaɓi. Gudawar da ke tashin ki daga barci. Ɗashewar ido da tafin hannu. Ƙulli a ciki. Bayan gida mai maiƙo, fari-fari, mai wari sosai, wanda ke nuna jiki ba ya narkar da mai. Ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin dama bayan cin maiƙo, wanda kan zama tsakuwar matsarmama. Kumburin da ba ya sauka ko da safe, ko ciwon da ya fara bayan shekara 50, ko kuma a danginku an taɓa samun mai dajin hanji. Duk wadda ta ga ɗaya daga cikin waɗannan, ta gaya wa maigida yau, a tafi asibiti. Ko babu su ma, kada ki yanke wa kanki hukunci. A fara duba bayan gida da jini, don tsutsar ciki da atini suna kwaikwayon wannan ciwo, kuma su maganinsu na kwanaki ne.

Maigida, in kana kusa kana ji, muna roƙo. Matar da ke riƙe ciki bayan kowane cin abinci ba raki take yi ba. Kuɗin jiƙe-jiƙe da allurar taifot da ake ta maimaitawa sun isa a kai ta ga likita sau ɗaya a san abin da ake ciki.

'Yar uwa, abin da za ki fara da shi gobe ba ya bukatar ko kwabo: babban cokali, ludayinki, da ɗan littafi. Mako mai zuwa za mu ɗora da hanyoyin sarrafa wake da waken suya ga mai ciki mara ƙwari. Kafin nan, Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara mana zaman lafiya a gidajenmu. A huta lafiya.